Kana son zama farfesan nazarin laifuka: ka tsaya Legas, ka koma Arewa, ka fita waje ko ka fara saka kaki?

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne ya jawo wannan rubutun. A Agege aka haife shi, ya karanta kiriminoloji da harkar tsaro, wato ilimin nazarin laifuka da yadda ƴan sanda da kotu da gidan yari suke aiki, ya fito da sakamako mai kyau, ya gama bautar ƙasa, sai ya same ni bayan isha'i yace "Yaya ni fa koyarwa nake so har in zama farfesa, amma kowa da abun da yake gaya min, Baba yace in koma Kano, abokaina sunce in nemi waje, Kawu kuma yace in shiga ɗan sanda tukunna." Na daɗe ina koyarwa a sashen nazarin zamantakewa, na ga masu bin kowace hanya cikin huɗun nan, toh bari in baje su a faifai don nasan ba shi kaɗai bane a wannan ruɗanin.

Kafin komai ka san tsanin da zaka hau, don duk hanyar da ka bi a nan zata sauke ka. A jami'o'in Najeriya mai digirin farko da sakamako mai ƙarfi ana ɗaukarsa a matsayin GA, wato ɗan koyon koyarwa, mai mastas mataimakin lakcara, wanda ya zo da PhD a hannu kuma yawanci lakcara na biyu. Daga nan sai lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa da wasu jami'o'in ke kira rida, sannan farfesa. Tsakanin mataki da mataki galibi shekara 3 ne mafi ƙaranci, kuma shekarun kaɗai basa kai ka, sai da takardun bincike da ka buga a mujallu, a matakai biyun ƙarshe ma sai an tura rubuce-rubucenka ga farfesoshin wasu jami'o'i sun duba a asirce sun ce ka cancanta. Idan ka lissafa zaka ga wanda ya fara daga ƙasa kuma komai ya tafi masa daidai yana buƙatar kusan shekara 18 zuwa 20. Abun da ke rage zafin lissafin shine tun dokar 2012 farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya, sauran malamai 65.

Ma'aunan da na auna da su guda biyar ne. Kuɗin da zaka kashe da wanda zai biya. Ƙarko, ma'ana takardar da ka samo zata kai ka har ƙarshen tsanin ko a hanya zata tsaya. Sauƙi, yadda karatun zai zauna da aiki da iyali. Haɗari, abun da ka iya rushe shirin ba da laifinka ba. Na biyar ɗin shine wanda mutane basa lissafawa kuma a wannan fannin ni a wurina yafi sauran nauyi: filin bincike, wato ina zaka samu mutanen da zaka yi hira da su da alƙaluman da zaka rubuta takarda a kansu, don malamin nazarin laifuka da bashi da filin da ya sani kamar tafin hannunsa abun da wasu suka rubuta kawai zai ta maimaitawa.

Tsayawa a Legas

A nan manyan ƙofofin biyu ne, UNILAG a Akoka wadda ta tarayya ce tun 1962, da LASU a Ojo ta jiha tun 1983, dukkansu suna da sashen nazarin zamantakewa kuma a ƙarƙashinsa aka saba yin nazarin laifuka a ƙasar nan. Dan Allah kafin ka sayi fom ka tambaya da kyau mastas ɗin na bincike ne ko na ƙwararru, don akwai wanda aka tsara saboda jami'an tsaro da ma'aikatan banki masu neman ƙarin girma a ofis, ana yinsa da yamma ko ƙarshen mako, ya fi tsada, kuma jami'o'i da yawa basa karɓarsa kai tsaye don shiga PhD. Na san wata baiwar Allah da ta kashe shekara 2 da kuɗin adashinta akan irin wannan, da ta zo neman PhD aka ce sai ta sake na bincike, wallahi ranar har hawaye tayi. Kuma ko na binciken ne ka dage ka fita da matsakaicin maki kusan 60 cikin 100 ko sama, ƙasa da haka a wurare da yawa sai a ce ka fara yin MPhil, wato digirin bincike da ke tsakanin mastas da PhD.

Kuɗin makaranta ba shine zai karya ka ba, zaman Legas ɗin ne, haya da mota. Amma kai da kake gidan iyayenka a Agege ko Idi-Araba ko Obalende baka biyan haya, kana da shagon da kake taya tsaro ko ɗan aikin da kake yi, toh wannan hanyar tana da arha sosai a gareka. Wahalar a hanya take, daga Agege zuwa Ojo da safe ka san me nake nufi, wanda yake wajen Alaba Rago kam LASU a bakin ƙofarsa take.

Inda Legas ta tsere wa ko'ina shine fili. Gidajen yarin Kirikiri na nan, babban da matsakaicin da na mata, ga na Ikoyi ga na Badagry, kuma a ƙasa baki ɗaya kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke ba'a yanke musu hukunci ba. Jihar Legas ce ta fara yin dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta zamani a 2007, shekara 8 kafin tarayya tayi tata a 2015, don haka duk mai son ya auna ko irin wannan dokar tana rage jinkiri a kotu a nan yake da tarihi mafi tsawo. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 a nan tafi zafi. Gidauniyar CLEEN da marigayi Innocent Chukwuma ya kafa a 1998 a nan ta tashi, ta daɗe tana binciken ƴan sanda da waɗanda laifi ya shafa. Sannan ga abun da kai kake da shi wanda abokan karatunka basu da shi: Hausa, da Yarbanci, da Buroka. Lokacin da aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 daga 1 ga Yunin 2022, Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, su wa abun ya fi taɓawa, ina suka koma, me ya faru da waɗanda aka ƙwace wa babur? Rikicin Mile 12 na Maris 2016 ya aka sasanta shi, wace rawa Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa suke takawa kafin magana ta kai caji ofis? Ɗan Arewan da aka gurfanar a kotun majistare baya jin Turanci baya jin Yarbanci, wa yake masa tafinta kuma me yake ɓacewa a tsakani? Kowace tambaya cikin waɗannan PhD ce guda da takardu biyar a bayanta, kuma mai bincike daga waje sai ya ɗauki irinka haya kafin a buɗe masa baki.

Haɗarin a gurbin aiki yake. Jami'ar jiha a ko'ina ta fi karkata ga ƴan asalin jiharta, kai kuma duk da a nan aka binne cibiyarka takardar shaidar asalinka ta ƙaramar hukumar kakanka ce, a jami'ar tarayya kuma masu neman gurbi ɗaya suna da yawa. Akwai jami'o'i masu zaman kansu a Legas da Ogun da suke ɗaukar mai mastas da sauri, albashi baya tsayawa saboda yajin aiki, sai dai kwasa-kwasan da za'a ɗora maka suna iya cinye lokacin bincike, kuma TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, bata tallafawa malaman jami'a mai zaman kanta.

Komawa Arewa

Baba ba ƙarya yayi ba. Fannin nan a Arewa yake da tsohuwar saiwa, marigayi Farfesa Femi Odekunle wanda ake kira farfesan kiriminoloji na farko a Najeriya a ABU Zariya ya koyar, ya rasu a Disambar 2020, Farfesa Etannibi Alemika kuma da sunansa ke fitowa duk inda ake maganar gyaran aikin ɗan sanda a Jami'ar Jos yayi zamaninsa. Yau ga BUK, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse mai sashen kiriminoloji da tsaro, ga Makarantar Ƴan Sanda ta Wudil da ta zama mai bada digiri kuma tana ɗaukar malamai fararen hula, ga jami'o'in jihohi da sababbin na tarayya da suke neman masu PhD ido rufe.

Ta fuskar ƙarko babu hanyar da ta kai wannan idan ka samu shiga a matsayin GA ko mataimakin lakcara, domin agogon ƙarin girma ya fara juya maka tun kana ɗan 26 ko 27, kana karatu kana karɓar albashi, kuma kana da damar neman tallafin TETFund na horar da malamai. Rayuwa ma ta fi sauƙi, albashin da ba zai riƙe ka sati biyu a Yaba ba zai iya kai ka wata a Dutse. Amma kar ka rudi kanka da albashin, lokacin yajin aikin 2022 farfesan da ya kai ƙololuwa abun da yake ɗauka a wata bai kai naira dubu 500 ba, balle na ƙasa. Yajin nan kuma shine babban haɗarin, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur, aka riƙe albashi, bayan na 2020 da shima ya ci kusan wata 9, ɗalibin PhD da ya shigo a wannan tsakanin shekara ɗaya da rabi ta tafi masa a banza. Wannan ya shafi UNILAG ma tunda ta tarayya ce, bambancin shine a Legas kana da sana'ar da zata riƙe ka, a can idan albashi ya tsaya shikenan sai abun da Allah yayi.

Wani abun da nake gaya wa yaranmu na Legas kuma basa son ji: zaka je a kalle ka a matsayin ɗan Ikko, Hausarka da ɗan gargada, baka san kowa ba, kuma gurbin GA sau da yawa sashe ɗalibansa da ya yaye yake riƙewa. Idan ba'a can kayi digirin farko ba, hanyar da tafi shine ka je kayi mastas a can malamai su san ƙwazonka. Fili kuwa akwai shi jingim, ƴan daba da ƙwacen waya a Kano, Hisba da kotunan shari'ar Musulunci da yadda suke zama da dokar finalkod, wato kundin hukunta laifuka na Arewa, shaye-shaye, ƴan bindiga a Zamfara da Katsina, sai dai na ƙarshen nan bincike ne da ake yinsa da rai a hannu, kar ka zaɓe shi don suna.

Fita waje

A Amurka fannin sashe ne mai zaman kansa, akwai Jami'ar Maryland da Cincinnati da Albany da kwalejin John Jay a New York, PhD kusan shekara 5 ce, shekarun farko kwasa-kwasai ne masu nauyi musamman lissafin ƙididdiga, kuma idan sun ɗauke ka da tallafi suna yafe kuɗin makaranta su baka alawus kana taya koyarwa ko bincike. Tsaninsu uku ne, ƙaramin farfesa, sai bayan kamar shekara 6 a duba aikinka a tabbatar da kai ka zama mataimakin farfesa ko a sallame ka, sannan cikakken farfesa. A Ingila shekara 3 zuwa 4 ce bincike zalla, cibiyar nazarin laifuka ta Kambirij tun 1959 take, tallafi kuma sai irin na Commonwealth, shi Chevening mastas na shekara ɗaya kawai yake biya kuma yana son ka yi aiki na shekara 2 tukunna. Tun Janairun 2024 mai mastas na aji baya iya tafiya da iyali Ingila, mai PhD yana iya.

Hukuncina a nan gajere ne: in da cikakken tallafi ka tafi, horon da zaka samu akan hanyoyin bincike da buga takarda a manyan mujallu zai bi ka har ƙarshen aikinka. In babu kar ka sayar da filin gado, tun da aka saki naira a Yunin 2023 mutane da yawa da suka tafi da lissafin tsohon canji sun maƙale a tsakiya. Haɗari na biyu biza ce da dokokinta suke canzawa ba sanarwa. Na uku kuma shiru yake zuwa, ka shekara 6 a waje ka dawo a ɗauke ka lakcara na biyu ko na ɗaya, abokinka da ya tsaya Dutse yana dab da babban lakcara, kuma waɗanda zasu buɗe maka ƙofar Kirikiri sun manta da kai. Maganinsa ka zaɓi batun Najeriya ka riƙa dawowa tattara bayanai.

Fara saka kaki

Shawarar Kawu kenan, ɗan sanda ko gidan gyaran hali ko NDLEA ko sibil difens, kana albashi kana karatu a gefe, da yawa ta NOUN, jami'ar karatu daga gida, suke yi tunda tana da kiriminoloji da tsaro kuma tana da cibiya a Victoria Island, ba sai ka bar wurin aiki ba. Misalin da kowa ke kawowa Janar Abdulrahman Dambazau ne, yayi digirin shari'ar laifuka a Kent State ta Amurka, yayi PhD a kiriminoloji a Keele ta Ingila a 1989 yana cikin soja, ya zama babban hafsan sojan ƙasa daga 2008 zuwa 2010 sannan ministan cikin gida daga 2015 zuwa 2019, littafinsa na kiriminoloji ɗalibai suna karantawa har yau. Amma lura, shi soja ne mai ilimi, sunan da yayi ta hanyar kaki yayi shi.

Arha kam tafi kowacce, kuma zaka ga cikin tsarin da idonka, yadda ake rubuta sitatimen, yadda fayil ke kwana a teburi, abun da dokar gidajen gyaran hali ta 2019 da dokar ƴan sanda ta 2020 suka canza a takarda da wanda suka canza a ƙasa. Matsalar itace jami'a bata canza maka anini zuwa matakin koyarwa, takardun da ka buga take ƙirgawa, kaga mutum ya bar aiki yana ɗan 45 da babban muƙami ya zo ya fara daga ƙasan tsani. Ga canjin wurin aiki da zai iya ɗauke ka daga Ikeja zuwa Yobe kana tsakiyar rubuta tisis, ga shi ma'aikaci baya buga abun da ya shafi hukumarsa sai da izini. Yawancin waɗanda na sani da suka ce "shekara biyar kawai zanyi in fita" suna ciki har yanzu, aure da ƴaƴa da fansho sun riƙe su, kuma ban ga laifinsu ba.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari | Filin bincike |
|---|---|---|---|---|---|
| Legas | Kaɗan in kana gida, da yawa in kana haya | Mai kyau in mastas na bincike ne | Cunkoson hanya, amma sana'a bata tsayawa | Ƙarancin gurbin aiki | Mafi yalwa ga mai Hausa da Yarbanci |
| Arewa | Matsakaici, da albashi in an ɗauke ka | Mafi ƙarfi | Rayuwa da arha, sai baƙunta | Yajin aiki da riƙe albashi | Mai yawa, wani da hatsari |
| Waje | Kyauta da tallafi, ɓarna in babu | Horo mafi inganci | Nisa da iyali | Biza da canjin kuɗi | Sai ka dawo nema |
| Kaki | Mafi arha | Mai rauni ga mai son farfesa | Karatu a gefen aiki | Canjin wuri, makara | Kana ciki amma bakinka a ɗaure |

Toh wa ya dace da wacce? In kana da sakamako na ɗaya ko na biyu babba, shekarunka basu wuce 27 ba, ba aure, kuma kana jure lissafi, ka ware shekara ɗaya kana neman tallafin waje, amma kana nema kana mastas ɗinka a Akoka ko Ojo kar ka zauna jira. In gida sun dogara da kai ko kai kake riƙe da shago a Mile 12, Legas ce taka har PhD, in ka gama ka watsa takardar neman aiki duk jami'ar da ta buɗe daga Badagry har Gashuwa. In a Arewa kayi digirin farko kuma akwai malamin da ya san ka ya ce ka dawo, kar ka tsaya shawara da kowa, ka tafi. In abun da ke ranka gyara aikin daga ciki ne kuma koyarwa sha'awa ce ta bayan ritaya, kaki ya fi maka, zaka iya zuwa kana bada lacca ta wucin gadi. Ke kuma ƙanwata mai aure a Idi-Araba da yara ƙanana, ki fara da mastas na bincike a nan kusa, ki tambayi ɗaliban sashen wane sufabaiza ne yake karanta babi ya dawo da shi cikin wata ɗaya kafin ki cike sunan kowa, kuma ki sani ɓangaren mata na Kirikiri da matan da ke kai ƙara caji ofis sun fi sakewa da mace mai jin yarensu.

Shi ƙanen nawa mun tsaya akan zai sayi fom ɗin mastas na bincike a nan Legas, ya riƙe aikinsa na rana, ya fara zama da ƴan acaɓan unguwarsu da suka koma Keke da dako yana rubuta abun da suke faɗa da izininsu, in Allah ya kaimu shekara mai zuwa kuma ya tura neman PhD wurare uku a waje da biyu a Arewa da wannan batun a hannunsa.